Wace hita ya kamata in saka a gidana a Ohayo?

Wa alaikumus salam dan uwa, da farko Allah ya sanya alheri a gidan, ya sa a zauna cikinsa lafiya da iyali. Bari in maimaita tambayar taka a takaice saboda masu karantawa daga baya. Ka sayi gida a Kolombus ta jihar Ohayo, ginin wajajen 1975 ne, sikwaya fit 1,600, kun riga kun yi hunturu daya a ciki, babbar hitar gas din da ke besmen tun ta 1998 ce mai BTU 120,000 (BTU ma'aunin zafi ne, lambar tana nuna karfin hita a awa daya), wani ma'aikaci ya zo dubawa yace tukunyar cikinta ta tsage. Ka kira kamfanoni uku, na farko yace dala 4,800 zai saka maka mai kashi 80 (wato kashi 80 na gas din da ta kona ke zama dumi a gida) BTU 100,000, na biyu yace 6,100 mai kashi 96 mai hawa biyu BTU 80,000, na uku yace 9,500 mai kashi 98 wadda take daidaita wutarta da kanta, ita ma BTU 100,000. Kana tambaya wacce zaka dauka, kuma tsakanin Carrier da Trane da Goodman wanne ya fi karko.

Toh ni wannan ita ce sana'ata a nan kasar, sakawa da gyarawa, kuma gaskiyar magana tun ban zo kan sunan kamfani ba abin da ya tsaya min a rai shine duk ukun nan ina ganin sun yi wa gidanka yawa. Sunan da ke jikin akwatin shine abu na karshe da zaka damu dashi. Girmanta da hannun wanda zai saka ta, wadannan biyun su ne za su nuna ko zaka ji dadin shekara 15 zuwa 20 masu zuwa ko kuma kullum kana kiran mai gyara cikin dare.

Amma kafin nan, maganar tsagewar. Hitar gas tana kona gas din ne a cikin wasu bututun karfe a rufe, su muke cewa tukunya, hayakin yana bi ta cikinsu ya fita waje, ita kuma fanka tana hura iskar gidan ta bayansu ta kwashi zafin ta kai dakuna. Hayaki da iskar da kuke shaka bai kamata su hadu ba ko kadan. In karfen ya tsage to kofa ta bude. Don haka kar ka dauki maganar da wasa, amma kuma kana da hakkin ka ce a nuna maka, akwai karamar kyamara da ake zurawa ciki, akwai na'urar auna hayaki da take nuna adadin kabon monoksaid, mai gaskiya ba zai ki nuna maka ba. In ka gani da idonka ko mutum na biyu ya tabbatar, a kashe ta a rufe gas dinta kar a kara kunnawa ko na dare daya. Hitar 1998 kuma ba a canza mata tukunya, kudin aikin kadai ya kai a hada a sayi sabuwa.

Kuma dan Allah yau din nan, ba gobe ba, ka tabbatar akwai kararrawar kabon monoksaid a kowane hawa na gidan da kusa da dakunan kwana. Warin da kake ji in gas ya zubo sinadari ne aka kara masa don a gane, shi kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi. Hukumar yaki da cututtuka ta Amurka wato CDC tana cewa sama da mutum 400 ne ke mutuwa da shi duk shekara a Amurka, ban da wadanda gobara ta shafa. Alamarsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai mutum ya dauka mura ce ya sha magani ya koma ya kwanta. In kaga ciwon kai ya kama kowa a gidan lokaci guda, in an fita waje ya lafa, ku fita ku kira 911 daga waje. Kararrawar ma tana da wa'adi, ka juya bayanta zaka ga kwanan wata, yawanci shekara 5 zuwa 10 ne.

Sannan kwanakin da zaku yi kuna jiran sabuwa su ne suka fi bani tsoro da mutanenmu. Kasko da garwashi a daki mun taso mun gani a gida lokacin hunturu, amma dakin can iska na shiga ta ko'ina, gidan nan kuwa an toshe shi ne da gangan don kar iska ta shiga. Garwashi a ciki kisa ne. Kunna oben a bude kofarsa don dumama falo shima haka, janareta a gareji shima haka, abin da ya kwantar da daruruwan mutane a asibiti kenan a Teksas a sanyin watan Fabrairun 2021. Karamar hitar lantarki za ku iya amfani da ita amma a jona ta kai tsaye a bango ba a doguwar waya ba, taku uku tsakaninta da labule da katifa, kuma a kashe in za a yi barci ko za a fita. Gobarar Buronks ta 9 ga Janairun 2022 da ta ci mutum 17, yawancinsu yan uwanmu musulmi yan asalin Gambiya, daga irin wannan karamar hitar ta tashi. Allah ya jikansu.

Yanzu girma. Abin da yawancin masu zuwa ba da farashi suke yi shine su leka lambar da ke jikin tsohuwar su rubuta maka irinta ko kasa da ita kadan, wani kuma ya ninka fadin gidan da wata lamba da ya haddace. Matsalar ita ce tsohuwar ma da ka aka saka ta, wanda ya saka ta a 1998 shima ta gabanta ya kalla, kuma tsakanin nan watakila an canza tagogi an kara audugar rufi a silin. Kuma dan kwangila ya san in ya saka maka babba ba zaka taba kiransa kace gida bai yi dumi ba, shi yasa yake karawa don ya kwana lafiya.

Mutanenmu kuma muna da wannan tunanin cewa babba ta fi, tunda kudin ba su da nisa gara a dauki mai karfi. A hita ba haka bane. Kamar ka hura wutar girkin biki ne don dafa shayin mutum biyu. Tana tashi da karfi, cikin minti hudu ko biyar falon da tamostat yake ya yi zafi, ta mutu, alhali dakin yara da ke can karshen bututu iskar dumin bata ma gama isa ba, bayan yan mintuna ta sake tashi. Kowane tashi da mutuwa karfen tukunyar yana budewa yana tsukewa, abin kunna wutar yana cinyewa, kuma babbar hita iska mai yawa take bukata, bututun gidan 1975 ba lallai su iya dauka ba, sai zafi ya taru a cikinta ta rika kashe kanta don kariya, kaji kara kamar jirgi zai tashi a duk kofar iska. Yawancin tukwanen da na gani sun tsage kafin lokacinsu dalilin kenan, girma ya yi yawa iska ta yi kadan. Hitar da ta dace da gida, a daren da ya fi kowane sanyi a shekara, kusan bata hutawa, kuma hakan shine daidai, ba wahala take sha ba.

Hanyar da aka yarda da ita ta gano girman sunanta Manual J, na kungiyar yan kwangilar sanyaya da dumama gidaje ta Amurka wato ACCA. Mutum zai auna bango da tagogi da kofofi, ya duba kaurin abin rufin silin, ya duba ina gidan ya fuskanta da yadda iska ke satar shiga, ya saka sanyin garinku, kwamfuta ta fitar da BTU nawa gidan ke zubarwa a awa daya. Ka ce wa kowannensu kana son ganin takardar. Wanda yace shekararsa talatin yana aikin ido kawai ya ishe shi, ka gode masa ka raka shi kofa.

Amma tunda kun yi hunturu a gidan, kai kanka kana da ma'auni a hannunka wanda ni na fi yarda da shi ma, bil din gas. In Columbia Gas ne ke baku zaka ga suna kirga da CCF, wato kubik fit dari na gas, kowane daya kusan BTU 103,000 ne. Bari in yi maka misali da lambobin da na dauka kawai don ka ga hanyar, kai sai ka saka naka. A ce a Janairu kun sha CCF 150, a watan Yuli kuma 20, wannan 20 din na ruwan zafi da girki ne, cire shi, saura 130. Ninka da 103,000 ya baka kusan miliyan 13.4. Tsohuwar hitar kashi 80 take shigarwa gida, saura miliyan 10.7. Janairu awa 744 ne, raba, ya zama kusan BTU 14,400 a kowace awa. Wannan a matsakaicin sanyin Janairun Kolombus kenan, wajen digiri 30 na Farenhait. Ana kirga bukatar dumi daga 65, kaga tazarar 35 ce. Daren tsananin sanyi da ake gina lissafi a kansa a yankinku mu dauka digiri 5, wato 15 kasa da sifiri a Selsiyos, tazarar ta zama 60. Sai ka ninka 14,400 da 60 ka raba da 35, ya baka kusan 25,000. Ka'idar ACCA ta yarda a kara har kashi 40 a kai saboda ko-ta-kwana, ya zama 35,000.

Ka kalli wannan lambar ka kalli 100,000 da ake son sayar maka. Ko da gidanka ya fi misalin nan zubar da zafi da rabi, bai kai 60,000 ba. In kun yi tafiya a watan ko kun rika rage tamostat sosai to lissafin zai nuna kasa da gaskiya, sai ka dauki wani watan da kowa yana gida. Kuma ka lura lambar da ke jikin hita abin da take ci ne ba abin da take bayarwa ba, mai 60,000 kashi 96 tana ba gida 57,600, mai 100,000 kashi 80 tana bada 80,000. Kafin a yi lissafin ma, in silin dinka bashi da rufi mai kauri ko iska na shigowa ta gindin kofofi da bakin besmen, fara toshe wadannan, kudinsu kadan ne kuma suna rage girman hitar da kake bukata.

Sai maganar kashi 80 da 96 da 98, abin da suke rubutawa AFUE. Ma'anarsa a cikin kowace dala ta gas nawa ne ya zama dumi a gida. Mai 80, santi 20 na bin bututun hayaki su tafi sama. Mai 96 tana da tukunya ta biyu ta bakin karfe mara tsatsa wadda take kara tatsar hayakin har tururin cikinsa ya koma ruwa, shi yasa hayakinta ke fita da dan dumi kawai har ana iya bi dashi ta farin bututun roba ta gefen bango. Daga 80 zuwa 96 gas din da kake sha yana raguwa da kusan kashi 17. In dumama gida na cin maka dala 900 a shekara kaga ka rage 150, bambancin farashin na farko da na biyu kuma 1,300 ne, cikin shekara tara ta biya kanta, kuma zata yi kusan ninkin haka tana aiki. A gari mai sanyi irin naku wannan ciniki ne mai kyau. Da a Hustan ko Atlanta kake da zan iya cewa dauki mai 80 ka huta. Daga 96 zuwa 98 kuwa abin da zaka rage bai wuce dala 15 zuwa 20 a shekara ba, an kara maka 3,400, har ta mutu bata dawo da kudin ba. Dama can dokar ma ta nufi wajen, Kanada tun 2019 ta tsayar da kashi 95 a matsayin mafi karanci, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ma a 2023 ta fitar da ka'idar cewa daga karshen 2028 sabbin hitocin gas na cikin gida su kai 95.

Sai dai mai 96 tana zuwa da abubuwan da dole a yi su daidai, kuma a nan ake gane ma'aikaci. Tana fitar da ruwa, a rana mai sanyi galan da dama, kuma ruwan yana da tsami yana cin karfe, dole a kai shi magudanar kasa ta bututun roba ko a saka masa karamin famfo. Taka a besmen take don haka ba fargabar ruwan ya daskare, wadanda tasu ke saman silin ne ke shan wannan wahalar. Bututun hayakin dole ya dan karkato baya zuwa wajen hitar don ruwan ya gangaro, in ya yi ciki a tsakiya ruwa ya taru sai ta rika mutuwa ba dalili. Ka nace a saka bututu biyu, daya na fitar da hayaki daya na jawo iskar konawa daga waje, kar ta rika shan iskar besmen inda ake ajiye omo da bilic da fenti, tururinsu na cin tukunya. Bakin bututun a waje ya zama akalla inci 12 sama da inda dusar kankara ke kaiwa, kuma duk ranar da aka yi dusa mai yawa ka zagaya ka share wajen.

Ga wani abu da masu araha suke tsallakewa su yi shiru. Akwai yiwuwar tsohuwar hitarka da tankin ruwan zafi bututun hayaki daya suke bi zuwa rufin gida. In aka cire hitar daga ciki, tankin ya rage shi kadai a katon bututun da ba zai iya dumama shi ba, hayakinsa sai ya kasa hawa ya dawo besmen, ko ya jike bulo ya rika cinsa. Maganinsa a zura siririn bututun karfe a ciki daidai girman tankin, ko a canza tankin zuwa mai fanka. Ka tambayi na biyun ko wannan yana cikin 6,100 din. In ya tsaya yana kallonka bai gane tambayar ba, to ka samu amsarka game da shi.

Hawa daya, hawa biyu, da mai daidaita kanta, wannan maganar jin dadi ce ba ta rage kudi ba. Mai hawa daya ko tana ci gaba daya ko a kashe. Mai hawa biyu yawancin lokaci tana aiki a kashi 65 zuwa 70 na karfinta, a hankali ba kara, dumin na bazuwa ko'ina, sai sanyi ya tsananta ta hau na biyu. Mai daidaita kanta tana sauka har wajen kashi 40, tana da dadi kwarai ba karya, amma allon kwamfutarta da bawul dinta tsada gare su, sau da yawa sai da tamostat na kamfaninta take aiki sosai, kuma ba kowane mai gyara ne ke yawo da kayanta a mota ba, in ta tsaya daren asabar a Janairu zaka iya jira. Ni ga mai iyali da ke lissafin kudinsa hawa biyu nake cewa. Abu daya, a ja waya a saka tamostat mai hawa biyu na gaske, don wasu suna barin tsohon su bar hitar tana hawa da agogo, kaga ka biya kudin abin da baka mora ba. Fanka kuwa tun 2019 ka'ida ta sa kusan duk sabbin suna zuwa da mota mai cin wuta kadan da ake kira ECM, don haka kar wani ya kara maka kudi a kan wannan kamar wata alfarma ce.

Baka fadi shekarun esin gidan ba, kuma yana da muhimmanci, don fankar hitar ita ce dai ke tura sanyi da bazara, kuma kwanon sanyin a kan hitar yake zaune. Karfin esi da tan ake auna shi, kuma kowane tan daya yana son iska kusan CFM 400, wato kubik fit 400 a minti daya, don haka hitar da za a zaba fankarta ta iya daukar esin, wani lokacin wannan ne ma ke sa a dauki mai 60,000 maimakon 40,000. In esin shima ya haura shekara 15 to a yi su tare ya fi sauki a kudin aiki, musamman da yake daga 2025 sabbin sun koma gas din R-454B ko R-32 maimakon R-410A. Kuma a nan ne zan ce ka nemi farashin hit fam, wato esi mai juyawa ya yi dumi. Ana hada shi da hitar gas, lokacin sanyi mai sauki a Oktoba da Nuwamba da Maris shi ke aiki, in ya tsananta gas ya karba. Ko zai rage maka kudi ya danganta da farashin wuta da gas a bil dinka. CCF daya kusan kilowat-awa 30 ne na zafi, hit fam mai bada ninki uku zai ci kusan 10 ya bada wannan zafin, in wutarka santi 17 ce ya kama dala 1.70, sai ka gwada da abin da kake biya a CCF daya. Inda gas ke da araha gas ke cin nasara, wanda ke kauye yana sayen furofen wato gas din da ake zubawa a tanki, ko man dumama kuwa hit fam ya fi masa nesa ba kusa ba. Hitar lantarki zalla mai waya kamar ta dafa ruwa, a Ohayo kar ka soma, a wannan misalin zafin CCF daya zai ci maka kusan dala 5.

Toh sunan kamfani da ka tambaya. Carrier da Bryant da Payne gida daya ne. Trane da American Standard gida daya ne. Goodman da Amana na Daikin ne, kamfanin Japan da ya sayi Goodman a 2012. Rheem da Ruud abu daya ne. Bawul din gas da mota da abin kunna wuta kuma yawanci daga masana'antu kadan suke fitowa duk su saya. Na ga Goodman da aka saka da kyau ta haura shekara 20, na ga mai tsada da aka saka da ganganci ta lalace tun bata kai rabin haka ba. Abin da zaka duba shine wacce ake samun kayanta a garinku da kuma garanti, yawanci shekara 10 ne a kan kayan ciki, tukunya kuma shekara 20 ko har abada ga mai gidan farko, amma sai ka yi mata rajista a intanet cikin kwana 60 ko 90, in ka manta garantin kayan ya kan sauka zuwa shekara 5. Kuma garantin kamfani kaya yake bayarwa ban da kudin aiki, don haka ka tambayi dan kwangilar shi shekara nawa ya tsaya wa aikinsa, a rubuce.

Nasan akwai dan uwa ko abokin aboki da zai ce zai saka maka ranar lahadi a rabin kudi ba takarda. Araha bata ado, balle a abin da ke kona gas a karkashin dakin da yaranka ke kwana. A ciro izinin aiki daga hukumar birni, sufeto ya zo ya duba, mai aikin ya kasance da lasisi da inshora. Ranar sakawa kuma kar ka bari su tafi sai sun auna abu hudu sun rubuta maka: karfin gas a bakin wuta, matsin iska a bututu wanda yawancin hitoci an gina su ne a kan inci 0.5 na ma'aunin ruwa, bambancin zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita wanda dole ya fada cikin iyakar da aka rubuta a jikin hitar, sai awon hayaki. Wanda ya jona ya kunna yaji iska mai dumi ya kwashe kayansa bai gama aiki ba.

Wajen biya kuma ka karanta takardar bashin da suke cewa babu ruwa na wata 12 ko 18. Da yawansu ruwan yana taruwa ne a boye, in wa'adin ya cika da saura ko dala 50 a kanka sai su dora maka na tun ranar farko gaba daya, ga asara ga shiga riba da kake gudu. In zaka iya biya a dunkule ka nemi ragi, suna yi, don su ma bankin na cire musu kaso. Rangwamen harajin tarayya na irin wadannan kayan ya kare a karshen 2025, amma ka duba shafin kamfanin gas dinka ko akwai nasu. Wanda samunsa bai da yawa kuma kar yaji kunya, akwai HEAP mai taimakawa da kudin dumama da shirin gwamnati na toshe gidaje, an yi su ne don wannan.

Filta ma a gyara wajenta tun yanzu da ake aikin. Ka ce a saka akwatin filta mai kaurin inci 4 maimakon siririya mai inci 1, lambar karfin tacewa da ake kira MERV 8 zuwa 11 ta isa, tana barin iska ta wuce kuma tana yin watanni. Gidajenmu ana suya ana turaren wuta, ban ce uwargida ta daina ba, amma hayakin turare da maiko suna toshe filta da wuri fiye da abin da aka rubuta a kwalinta, don haka duk wata a zaro a daga ta a haske, in baka ganin haske ta ciki a canza. Kuma a daina rufe kofofin iska na dakunan da ba kowa don wai a rage kudi, matsi yake karawa a bututu ya dafa tukunyar. In bushewar hanci da kaushi na damun yara, karamin injin danshi da ake makalawa a jikin bututu ba tsada gare shi ba in an hada da wannan aikin, a rike danshin gida wajen kashi 30 zuwa 40, in ya wuce haka tagogi za su fara zufa.

Da gidana ne, na farko da na uku na ajiye su. Zan koma wajen na biyu in ce ina son mai kashi 96 din mai hawa biyu, amma ya yi Manual J ya kawo takarda, in nuna masa lissafin bil dina, kuma ina kyautata zaton zai sauko daga 80,000 zuwa 60,000 ko kasa, farashin ma ya dan ragu. In ce ya rubuta min a cikin farashin bututu biyu, gyaran bututun hayakin tankin ruwa, tamostat mai hawa biyu, akwatin filta inci 4, izinin aiki, da awon ranar sakawa. In ya yarda da wadannan ka bashi aikin ko wane suna ne a jikin akwatin. In ya ki, ka kira na hudu ka karanta masa wannan jerin tun a waya kafin ya taso. Ka turo min CCF na Janairu da na Yuli da shekarar esin, sai mu yi lissafin naka na gaske tare.